Muryar Mijin Madam Hannatu a Cikin Injin Pinball

Jama'a, wallahi abin da zan faɗa muku ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba. A shekarun nan ne da gwamnatin Birtaniya ta tsuke bakin aljihu, council, wato ƙaramar hukuma, tana ta rufe wurare, ni ma aka sallame ni daga inda nake aikin lantarki, sai na koma gyaran tsofaffin injinan wasa a wani ɗan shago a Longsight, nan Manchester.

Ran nan wata baiwar Allah ta kira ni daga Sparkbrook a Birmingham, Madam Hannatu, 'yar Kudancin Kaduna, nas ce mai ritaya. Mijinta marigayi, Baba Yakubu, shi ke kula da wani youth centre, wato cibiyar matasa, da aka rufe wurin sai ya kwaso injin pinball ɗin yaran, irin injin wasan nan da ake harba ƙaramar ƙwallon ƙarfe a ƙarƙashin gilashi, ya kai gida, bai daɗe ba ya rasu. Yanzu ana matsa mata ta koma ƙaramin flat, babu inda za ta sa shi, ta sami mai saye amma ya ce sai in sautin injin na aiki.

Na isa da hantsi, ido na ganin ido fa, motocin Stratford Road na ta wucewa. Injin lafiyarsa lau, fitilu na kamawa, ƙwallo na gudu, amma ba ya cewa uffan, sai wani gurnani ƙasa-ƙasa. Na duba fis, na gwada sifika, na auna wuta, duk daidai, sai da na leƙa sound board ɗin, wato allon da ke haɗa sauti, na ga capacitor, 'yan ƙananan gwangwanayen nan masu riƙe wuta, sun kumbura, dalmar wasu ƙafafu ta tsage. Aiki mai sauƙi. Na kashe injin, na zare filogi daga bango, na kwance allon gaba ɗaya na kai teburin cin abinci, ita kuma ta shiga kicin za ta dafa min shayi.

Ina riƙe da allon nan a hannuna sai na ji gyaran murya daga sifika. Irin ta dattijo. Sannan a hankali, da Hausa tsantsa, aka ce, "Hannatu, kin sha maganinki?"

Daga kicin ta amsa, "Na sha, Baba," kamar yadda mace ke amsa wa mijinta ba tare da ta juyo ba. Sai kuma na ji kofi ya tarwatse a ƙasa.

Kai! Na kama innalillahi, ita ta fito tana kiran sunan Yesu, muka tsaya muna kallon filogin nan a yashe kan kafet. Na san wayar sifika takan ɗauko rediyon 'yan tasi, na sha gani, amma sai da wuta, sai da amplifier mai ƙara sauti, shi kuwa yana kan allon da ke tafin hannuna.

Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi taɓa ni ke nan. Ta zauna ta ce, "Ɗana, in ka mayar da allon nan, zai sake magana?"

Na ce, "Mama, wallahi ban sani ba."

Ta daɗe tana shafa gilashin injin, can ta ce ƙarya ta yi masa, tun da ya rasu ba ta shan maganin hawan jinin yadda ya kamata, don ba mai tambaya. Ta tashi ta ɗauko ta sha a gabana. Sannan ta ce in gyara in ba mai saye. "Ya yi nasa, a bar shi ya huta."

Na canza capacitor, na sake dalma, na mayar da allon. Da na kunna, sai kiɗa da ƙararrawa irin na kowane pinball, ba komai.

Har yau na kasa sanin mene ne. Malaminmu ya ce mamaci ba ya dawowa, na yarda, amma kunnena ya ji abin da ya ji. Ni dai shawarata, in kuna da tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a ƙasar nan, ku ɗaga waya ku tambaye ta ko ta sha magani, kada ku bari sai wani abin da ba mu san shi ba ya riga ku.