Fom ɗin da Gwaggo Asabe ta hana ni turawa

Shekara biyar ke nan cif da rasuwar Gwaggo Asabe, yayar mahaifina, Allah ya jiƙanta. Na so a ce yabo kawai zan rubuto muku, amma wallahi hankalina ba a kwance yake ba. Ranar Asabar za a zauna a kan makarantar da ta bari a Hayin Banki, kuma takardar da za a ɗora a tebur ni na haɗa ta da hannuna.

Da Gwaggo ta yi ritaya daga aikin gwamnati sai ta buɗe firamare, aji uku a gidan haya. Ni lokacin na gama sakandare ina zaman gida, ta ce in zo in riƙa buga mata takardu a kwamfuta. Ana nan sai ga wasu masu zuba jari daga Legas. Irin waɗannan fa ba riba kaɗai suke nema ba, so suke kuɗinsu ya yi wa jama'a amfanin da za a gani. Ni dai abin ya tafi da ni. Babu wanda ya koya min, a waya na yi ta karanta yadda suke aiki har data ta ƙare. A ƙasashen da kuɗin ke fitowa, maganarsu kada a bar 'ya'yan baƙar fata a baya. Da suka zo nan sai suka sa a yarjejeniya cewa makaranta za ta buɗe ƙofa ga kowace ƙabila da kowane addini, ɗalibai da malamai, kuma duk shekara a cike fom a nuna.

To wanda ya san Kaduna ya san inda wuyar take. Mu Musulmi muna arewacin kogi, su Kiristoci suna kudu, kuma kowa ya san abin da ya raba mu haka.

Sai dabara ta zo min. Na bi aji aji ina tambayar yara asalin kakanninsu. Wannan kakarsa Banufiya ce, wannan kakanta Babarbare, wancan Bayarbiya ce ta haifi babansa. Yara ne da Hausa kawai suke ji, iyayensu masallaci ɗaya suke zuwa, amma fom ya cika fal da ƙabilu. Na shiga ofis ɗin Gwaggo da murnata.

Gwaggo ta karanta har ƙasa, ta cire tabarau.

"Ke Hauwa, a cikin yaran nan wa aka taɓa ce wa kada ya bari yamma ta yi masa a unguwar nan?"

Na ce babu.

"To ba su ake nufi ba, ke ma kin sani."

Ta ce babu ƙarya ko ɗaya a takardar, shi ya sa ta fi ba ta tsoro. A cikin jarin ta sayi bas mai ɗauko yara daga tsallaken kogi, ta ɗauki Madam Rifkatu, malamar lissafi, wadda ita ma a bas ɗin take zuwa. Wasu iyaye sun cire 'ya'yansu. Duk ranar da gari ya ɗan yi zafi, Gwaggo da kanta take zama a gaban bas, ba ta dawowa sai an sauke yaro na ƙarshe a ƙofar gidansu.

Yanzu babban ɗanta, Yaya Kabiru, shi ke riƙe da makarantar, kuma ba zan ce mugu ba ne. Mai ya yi tsada, bas kullum tana wurin makanike. Watan jiya ya tsinci tsohuwar takardata a durowa. Ya ce a sayar da bas, a tura wannan, ai mutanen Legas an canza su, sababbin fom kawai suke dubawa. Ni ma na karanta cewa a waje masu irin wannan jarin da yawa sun fara rage murya a kan alƙawuran. Yaya ya ce da Gwaggo ta ga farashin mai na yau za ta fahimta. Wataƙila. Ni abin da na sani, da ta ga takardar nan a tebur, da ta tambayi wa ya fito da ita.

Ranar Talata Madam Rifkatu ta tsare ni a baranda, ta yi ƙasa da murya ta ce in faɗa mata gaskiya, ta fara neman wani wuri ne kafin a dawo hutu? Na ce ta jira Asabar. Ta dube ni ta ce, "Hajiya Asabe ba ta taɓa ce min in jira ba."

Daga nan ofis ɗin Yaya na wuce. Na ce fom ni ke cikewa, kuma wannan ba zan tura ba. Mu rubuta wa masu jarin halin da bas take ciki, tunda alƙawarin har da su a ciki, su kama mana. Ya ce in suka ji makaranta na tangal-tangal suka janye fa, ni zan biya malamai? Tun ranar bai amsa gaisuwata ba, Baba ma ya kira ni ya ce in tuna Yaya gaba yake da ni.

Ban san me zai rage na Gwaggo bayan Asabar ba. Ginin ana iya canza masa suna, bas ma ƙarfe ce. Abin da na tabbata ta bari shi ne, ni da na ƙirƙiro dabarar nan yau na kasa aikata ta. Wasiƙar na riga na rubuta, sa hannun Yaya take jira. In ya ƙi, zan miƙe a gaban kwamitin makaranta in karanta ta. Ban taɓa yi wa na gaba da ni musu a cikin mutane ba. Ku yi wa Gwaggo addu'a, ni ma ku roƙa min kada muryata ta yi rawa.