"Na Ƙoshi" a Tsohuwar Tashar Jirgi

Akwai wata Asabar da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba, ranar da kunyar da aka raine ni da ita ta kusa kayar da ni a garin mutane.

Shekarar da likita ya gano ina da ciwon suga, zaɓi biyu ya ba ni: ko in fara motsa jiki, ko in koma yi wa kaina allura kullum. Ni kuwa ko allurar rigakafi ce sai na runtse ido. Sai na sayi tsohon keke, na yi wata uku ina zagaya unguwarmu ta Glenwood bayan tashi daga aiki. Daga nan na ɗaura aniyar bin wata hanyar keke da aka shimfiɗa a kan tsohon layin dogo, har zuwa wani ɗan ƙaramin gari a wajen Greensboro, birnin da muke zaune a nan ƙasar Turawa, in je in dawo da ƙafata.

Matata ta dube ni ta kwashe da dariya. "Alhaji, kai da kujerar falo ce aminiyarka? To, ka bar waya a kunne. In ka gaji ka kira, in zo in kwaso ka, kai da keken."

"Wallahi ba zan kira ba," na ce mata.

Ta ƙulla min dabino a leda, don ta san maganin da nake sha yakan saukar da suga idan na sha wahala. Garin sauri da nuna isa, na bar ledar a kan teburi.

Da farko tafiya ta yi daɗi, ga inuwar itatuwa, ga masu keke suna ɗaga min hannu. Amma kafin in isa garin sai na ji gumi mai sanyi yana karyo min, hannuna yana rawa a kan ƙahon keke. Na laluba aljihu, babu dabino. Haka na lallaɓa na shiga garin: titi ɗaya ne tak, da wata tsohuwar masaƙa ta jan bulo da aka daɗe da rufewa, sai tashar jirgin da mutanen garin suka gyara domin masu bin hanyar. Akwai benci, da famfo, da abin hura taya, an kuma jera hotunan ma'aikatan masaƙar a bango.

Wata tsohuwar Baturiya mai farin gashi tana baranda, gabanta faranti cike da burodi da man gyaɗa, da tulun shayi mai sanyi. Ta yi min maraba kamar ta san ni.

"Ka sha hanya. Za ka ci wani abu?"

Bakina ya riga hankalina. "A'a, na ƙoshi, na gode."

"To madalla, ka huta," in ji ta. Ta rufe farantin da ƙyalle, ta ɗauka, ta shige ciki.

Na bi farantin da ido baki buɗe. A gidanmu a Zariya baƙo ba ya karɓar tayin farko. Zai ce ya ƙoshi, mai gida ya ce haba, ya sake turo kwano, sai a na uku a sa hannu. Shekara ashirin ina ƙasar nan, amma cin abincina duk a cikin 'yan uwa ne, inda kowa ya san "na ƙoshi" gaisuwa ce kawai. Ina zaune ina jiran tayi na biyu, tayin da ba zai zo ba.

Idona ya fara ganin keken nan biyu-biyu. Tsoro ya kama ni sosai, don na san abin da ke biyo baya. Na ciro waya, na ɗora yatsa a kan lambar matata. In na danna, tafiya ta ƙare, rantsuwa ta kama ni, kuma na san halina, keken nan ba zan sake hawansa ba. In ban danna ba, sai in tashi, ni da furfurata, in roƙi abincin da na ƙi da bakina. Na mayar da wayar aljihu, na dafa bango, na ƙwanƙwasa ƙofa.

"Baiwar Allah, ƙarya na yi miki. Ina da ciwon suga, kuma faɗuwa zan yi."

Ban taɓa ganin tsohuwa mai zafin nama irinta ba. Ta zaunar da ni, ta riƙe min kofin shayi mai zaƙi har na shanye, ta ƙaro, sannan ta miƙo burodi. Da na dawo hayyacina ta tsare ni da ido. "To me ya sa ka ce a'a?"

Na yi mata bayanin al'adarmu. Ta tafa hannu. "Sau uku? Da ka mutu a kan bencina kana jira!" Ta ce mahaifinta a masaƙar nan ya yi aiki, kuma da jirgi ya daina zuwa garin ya yi tsit, sai da masu keke da masu tattaki suka fara wucewa aka sake jin motsin mutane. "Ku ne baƙinmu yanzu. Amma in mutum ya ce min a'a, ina ɗauka a'a yake nufi."

Ta hana ni tashi sai da hannuna ya daina rawa, ta cusa min ƙullin burodi a aljihu. Na hau keke, na taka a hankali, ina tsayawa ina ci, har na iso gida da la'asar. Na tarar da matata a bakin ƙofa, makullin mota a hannu ɗaya, ledar dabinon a ɗayan. Ta miƙo min ledar, muka shiga gida.

Har yau ban fara allura ba, kuma duk shekara sai na koma garin. Da tsohuwar ta hango ni sai ta ɗaga yatsu uku, ta fara jero tayin tana ƙirgawa, ni kuma ba na bari ta kai na biyu. Abin da ranar ta koya min shi ne, kunya tana da kyau a inda aka san ta, amma in kana cikin buƙata ka buɗe baki ka faɗa tun kana iya tsayuwa.