Yayan Luka

Asabar ce, lokacin tsinkar tattasai. Matata Rifkatu ta riga ni tashi. Na ji ta a tsakar gida tana goge ankon zumuntar mata da dutsen guga na gawayi, tana rera waƙa ƙasa-ƙasa, tana ta komawa kan baiti ɗaya. 'Yarmu Hannatu tana shan kunu a bakin ƙofa. Ni kuwa ina neman dalmata da na ajiye jiya.

Sunana Ishaku. Gyaran rediyo ne sana'ata, a kasuwar Gashua. Mu Kiristoci ne, ba mu da yawa a garin, kuma yawancinmu a unguwa ɗaya muke, can bakin gari wajen hanyar fadama.

Ni na fara kamo tashar. Wata rana ina gwada tsohuwar rediyo a rumfata, ina murɗa gajeren zango, sai na ji ana wa'azin bishara da Hausa tsantsa daga wata ƙasa mai nisa. Na ɗaura waya a kan darbejiyar gidanmu don muryar ta fito sarai. Na gaya wa mutane. Kullum da yamma sukan zo su cika tabarmata. Maƙwabta Musulmi ma sukan tsaya idan ana shirin lafiya ko na noma.

Da ma'aikatan gidan rediyon suka zo daga Jos, su biyu da wata Baturiya, gidana suka sauka. Ni na zaga da su ƙauyukan bakin kogi suna raba ƙananan rediyoyi masu caji da rana. Ranar da za su koma aka ce wani ya karanta mana Maganar Allah kafin addu'a. Ina gyara murya, ƙanena Luka ya riga ya fara. Baturiyar ta ɗago kai ta dube shi. Shi ke nan. Aka kai shi horo, ya dawo da na'urar ɗaukar murya a cikin baƙar jaka. Ni aka bar mini kwali cike da rediyoyin da suka lalace.

Ni na riƙe Luka tun mutuwar babanmu. Ni na koya masa karatu. Amma a coci aka koma kirana yayan Luka. Idan shirinsa ya zo, Rifkatu takan ɗaga mini hannu in yi shiru. A gidana, a gaban rediyon da na haɗa da hannuna.

A ranar Asabar ɗin nan Luka zai ɗauki waƙoƙin zumuntar mata a coci, a aika Jos, daga can kuma duniya ta ji. Rifkatu ce mai ba da waƙa. Ya ce kada a zo da yara saboda hayaniya, don haka Hannatu ta bi ni kasuwa.

Muna fita Rifkatu ta ce, "Baban Hannatu, ba za ka leƙo ka ji mu ba?"

Na ce, "Aiki ya yi mini yawa."

Ta yi dariya. "To, ka ji a rediyo."

Wuni ya tafi kamar kullum. Wani Bafillace ya kawo rediyon da ruwa ya shiga. Hannatu ta yi barci a ƙarƙashin tebur. Aka kira azahar, aka kira la'asar. Masu salla ba su gama dawowa ba na ji ƙara daga gabas, kamar an zubar da kwanon rufi daga kan mota. Ta tsaya. Ta sake, wannan karon ba yankewa. Sai wani abu ya yi dum, kwalaben da ke kan teburina suka gwaru da juna.

Aka kama ihu, "Ku rufe! Ku rufe!"

Kasuwa ta watse. Buhunan tattasai suka kife a hanya, mutane suna takawa suna tari. Babura suka wuce ta babban titi a guje, mutum bibbiyu a kai, fuskoki a naɗe. Na ɗaga kai. Hayaƙi baƙi yana tashi daga wajen unguwarmu.

Na saɓa Hannatu a kafaɗa na bi lungu. Ban rufe rumfa ba. A kwanar da za ta kai ni gida wani ya damƙe rigata. Baba Modu ne, maƙwabcinmu, dattijon Babarbare mai sayar da kifi banda.

"Ina za ka? Koma! Cocinku suka nufa!"

"Rifkatu tana ciki."

"Matan sun fita ta baya. Na gan su sun yi fadama. Bi su, kada ka hau titi!"

Ya cire hularsa ya kifa mini a kai, ya tura ni.

Fadama ta cika da mutane, kowa a sunkuye. An riga an yanke shinkafa, ba abin ɓuya sai gonakin tattasai da kwatar ban-ruwa. Na kwanta a cikin kwata, Hannatu a ƙarƙashina, laka har kunnenta. Wani ya gudu ya bar injin ban-ruwa a kunne. Yana ta bugawa, bindiga tana amsa masa daga gari. Idan harbi ya lafa sai mu tashi mu ruga, idan ya dawo mu zube.

Na riƙa hango ankon zumunta jefi-jefi a cikin ganye. Duk wadda na cim ma sai in tambaye ta. Ta farko ta wuce ni a guje. Ta biyu ta girgiza kai. Ta uku, wata tsohuwa mai takalmi ƙafa ɗaya, ta ce, "Tana tare da Luka. Na ga ya riƙo ta."

Na ce alhamdu lillahi. Amma ko a gudun ma, tana tare da Luka.

Na gwada waya. Ba layi. Rana ta faɗi, ba a ji kiran magariba daga ko'ina ba. Wani masunci Babade ya tara mu a bukkarsa da ke bakin kogi, Musulmi da Kirista, ba wanda ya tambayi sunan wani. Matarsa ta ba yara gasasshen kifi. Nan muka kwana a zaune.

Da asuba muka bi gefen kogi muka yi yamma. Hantsi ya ɗaga kafin mu fito titi. Wata motar tattasai mai zuwa Nguru ta tsaya, direban ya ce a hau da sauri. Muka zauna a kan buhuna. Yaji ya cika mana ido da hanci, Hannatu tana atishawa har ta daina kuka. Kafin Jajimaji sojoji suka tare hanya.

"Ku sauko! Hannu sama! Maza nan, mata can!"

Aka sa muka ɗaga riguna. Aka bar mu a rana har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa, sannan aka ce mu wuce.

A Nguru muka nufi wata coci kusa da tashar jirgin ƙasa. Harabar ta riga ta cika da mutanen Gashua. Na zaga, na leƙa kowane aji na makarantar Lahadi, na duba fuskar kowace mace da ke kwance. Babu ita. Babu Luka. Na zauna a bakin ƙofa inda zan ga duk mai shigowa.

Washegari da la'asar wata akori-kura ta sauke mutane. Luka ne ya sauko a ƙarshe. Baƙar jakar tana rataye a wuyansa. Gaban rigarsa ya bushe ƙamas da jini.

"Luka ne! Luka ya tsira!"

Mutane suka yi kansa. Fasto ya rungume shi, mata suka kama guɗa da kuka a haɗe. Ni ina tsaye ina duban bayansa. Motar ta juya ta tafi, ba kowa a ciki.

Ya ja ni bayan coci, wajen rijiya. Ya faɗa mini a tsaye. Suna tsakiyar waƙa aka yi harbi ta taga. Rifkatu ce a gaba, ita ta fi kusa da makirufo. Ya ja ta ta ƙofar baya, ya ɗauke ta har bakin wata gonar tattasai. Nan ƙarfinsa ya ƙare. Ya ɗora kanta a cinyarsa. Kafin rana ta faɗi ta cika. Da gari ya waye ya lallaɓa ya nemo Baba Modu, dattijon ya ce ya tafi, su za su ji da ita.

Na ce, "Ta yi magana?"

"Ta tambayi Hannatu. Na ce tana wurinka."

"Sai kuma me?"

Ya sunkuyar da kai. "Sai ta ce, Luka, kada ka sake ni."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Yaya."

Na jira. Da ya ƙara kalma ɗaya da na karɓa, ko da na san ƙirƙira ya yi. Amma Luka ba ya ƙarya, ni na hore shi a kan haka. Na dubi rigarsa. Jinin matata ne, kuma a jikinsa yake. Na ce ya tuɓe ya ba ni. Ya tuɓe ya miƙo mini, ya tsaya da singileti a cikin zafin nan.

Bayan kwana biyu motar gidan rediyon ta iso daga Jos. Ba zan rage musu komai ba. Sun kawo shinkafa da barguna da magani, sun raba wa kowa a harabar, har da waɗanda ba su taɓa jin tashar ba. Ɗaya daga cikin mutanen da suka taɓa kwana a gidana ya kama hannuna da hannu biyu, idonsa da hawaye.

"Kai ne yayan Luka, ko? Allah ya ba da haƙuri. Akwai wuri a mota, kai da yarinyar."

Na ce na gode, ba zan yi nisa da Gashua ba. Luka ya roƙe ni har ya durƙusa. Ban tafi ba. Da motar ta tashi da Luka a ciki, Hannatu ta ƙwace daga hannuna ta bi ta tana kiran Baba Luka, har sai da ta faɗi a bakin titi. Na je na ɗauko ta tana dukan ƙirjina.

Na samu rumfa a kasuwar Nguru, na ci gaba da gyara, yanzu har da wayoyi. Da damina ta sauka Luka ya buga mini. Ya ce waƙoƙin suna nan a na'urar, an yanke daga inda harbi ya fara. Yana neman izinina a sa a rediyo. Na ce a sa.

Ranar da aka sa, muna zaune a harabar coci, mu da sauran waɗanda ba su koma ba. Luka ya fara ba da shaida. Ya faɗi taga, ya faɗi ƙofar baya, ya faɗi gonar tattasai. Bai ƙara ba, bai rage ba. Ya ambace ni sau ɗaya, ya ce a tuna da yayana a addu'a. Sai muryarta ta fito. Baitin nan ne da take ta maimaitawa. Hannatu ta miƙe tsaye ta ce, "Mama ce."

Wata mata daga Kumagannam da ke kusa da ni, wadda ba ta san ni ba, ta share ido ta ce, "Allah sarki, bawan Allah nan ya ga tashin hankali. A hannunsa fa ta cika."

Na ce, "Haka ne."

Makonni aka yi ana karanta gaisuwar masu sauraro daga Nijar da Chadi da Kamaru. Wasu sun ce waƙar ta riƙe su a nasu gudun. Na yarda. Na san aikin na Allah ne, na kuma san yana kai wa inda ƙafar fasto ba ta kai. Amma mutumin da ke wani ƙauye a bayan Zinder yana jin Rifkatu daidai yadda nake jin ta, a rana ɗaya, da ƙarfi ɗaya. Ba abin da na fi shi.

Sai bayan girbi na iya komawa Gashua. Na bar Hannatu wurin matar fasto. Baba Modu ya karɓe ni a ƙofar gidansa, na mayar masa da hularsa. Ya ɗauki sanda ya shige gaba, muka bi hanyar fadama.

A hanya ya ce matansa ne suka suturta Rifkatu. Shi da 'ya'yansa suka haƙa, suka sa ta da hannunsu. Wani tsoho mai gadin coci, wanda bai iya gudu ba, shi ya yi addu'a irin tamu. Na yi masa godiya, kuma har zuciyata na yi.

Kaburbura huɗu ne a jere, a kan tudu, nesa kaɗan da ruwa. Duk 'yan zumunta. Ba allo, ba suna. Baba Modu ya nuna da sanda.

"Ta biyu daga bakin kwata."

Ya koma gefe ya ba ni baya. Ciyawa ta rufe kabarin tun daga kai har ƙafa. Na tsuguna na fara cirewa da hannu. Wannan aikin dai ba wanda ya riga ni.