Kwat Ɗin Baturen Ingila Da Na Ɗinke

Duk waɗanda suka ba da labarin nan a unguwarmu ta Goutte d'Or, nan Paris, a karkace suka ba da shi. Wasu sun ce zagin Bature na yi aka kore ni. Wasu sun ce riga na ƙona masa da dutsen guga. Goggona kuwa har gobe cewa take hassada ce, sun ga ɗinkina ya fi nasu. Babu ko ɗaya. Kwat na wanke, na ɗinke, na goge, laifin ke nan.

Shekara biyar na yi a shagon ɗinkin Goggo a Paris bayan na bar makaranta. Kalmasa bakin zane, canza zif, rage wando. Na kai inda ƙarar keken ma ke sa ni ciwon kai. Da wata mai kawo mana ɗinki ta ce wani gidan wasan kwaikwayo a Lyon na neman mai taimako a ɗakin tufafi, gwajin sati biyu, ban tsaya shawara ba. Goggo ta ce, "Je ki. Amma in ba su riƙe ki ba, kekenki na nan, kuma kada in ƙara jin zancen teyatur a shagon nan." Na ce na yarda. Na sauka wurin wata ƙawarta a unguwar Guillotière, can Lyon.

Wasan da ake shiryawa na mutanen Ingila ne, babban ɗan wasansu wani dattijo dogo, ya haura saba'in. Na tura wa Babana hotonsa, sai ga kira.

"Ke! Wannan ai mugun nan ne na fim! Shi ne kullum ake harbewa kafin a tashi. Ki yi nesa da shi."

"Baba, aiki ne fa."

"Na san aiki ne. Amma duba idonsa."

Ni dai abin da na gani tsoho ne mai yawo da kofin shayi, yana gaida kowa har mai shara, da wani Faransanci kamar ana jan buhu a ƙasa.

Rana ta huɗu shugabar ɗakin tufafi, wadda muke ce wa Madam, ta fita sayen yadi, ta ce in shirya kayan da ke rataye. Nan na ci karo da kwat ɗin dattijon. Aljihun dama a huje, gwiwar hannu a yage, maɓalli ɗaya na lilo, wuya ya yi baƙi da dauɗa. Raina ya ɓaci. A shagonmu babba ba ya fita da maɓalli na lilo, ko bai ce a gyara ba. Goggo sai ta buge miki hannu. Na ce a raina, waɗannan mutane ba su da kunya, ga damata ta samu. Na wanke, na busar, na ɗinke hujin yadda ko da fitila ba ka ganin sawun allura, na sa sitaci, na goge. Na rataye shi ina jiran yabo.

Washegari da azahar aka hau gwaji, ina tsaye a gefen dandali. Dattijon a matsayin tsohon malamin makaranta yake fitowa, wanda ya talauce yana ɓoye wa 'yarsa. Yana cikin magana ya sa hannu a aljihu, sai ya tsaya cak. Ya fitar da hannun, ya sake sawa. Maganar ta ɓace masa. Aka karanto masa maganar, ya maimaita, ya sake tsayawa. Madam ta juyo ta kalle ni, na ga fuskarta ta yi fari fat.

"Sati uku aka yi a London ana tsufar da kwat ɗin nan," in ji ta a ɗaki. "Jibi ake buɗe wasa. Wa ya aike ki?"

Ban taɓa jin ana tsufar da tufa da gangan ba. Ina shirin mayar mata da magana aka ce dattijon na kirana.

Na same shi zaune, kwat ɗin a cinyarsa, yana shinshinawa.

"Ƙamshi," ya ce. "Malamin nan nawa bai yi ƙamshi haka ba tun rasuwar matarsa."

Na ce, "Baba, a wurinmu ba a barin dattijo ya fita gaban jama'a a yage. Abin kunyar na masu ɗinki ne."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce tun da uwarsa ta mutu ba wanda ya kula da maɓallinsa haka. Sannan ya nuna mini aljihun. Duk lokacin da malamin zai yi wa 'yarsa ƙarya, yatsansa yake zurawa cikin hujin. Da yatsan bai sami hanya ba, maganar ma ta gudu.

"Kaina ya tsufa, yarinya. Yanzu a hannu nake ajiye magana. Zauna, mu lalata aikinki."

Wuni biyu muka yi muna yi. Magogin cuku don kankare yadin, ruwan shayi, takarda mai yashi, duwatsu a aljihu don ya saki. Ni ina so a yi a gama, shi kuwa sai labari. Ya ce ya fara ne a ƙananan garuruwan bakin teku, yana riƙe mashi a bayan wani, ba a ba shi ko kalma ɗaya. Daga nan fim ya ɗauke shi saboda hancinsa da idonsa: mugun kanar, mugun likita, bawan gida mai zuba guba. Ya ce ya mutu a kan doki, a kan bene, cikin kwamin wanka, kuma duk wanda ya tare shi a titi sai ya ce, "Na san fuskarka," ba mai tuna sunansa. Yanzu ne, da gwiwa ta ƙare, aka ba shi mutumin kirki.

Na ce, "Babana ya ce in yi nesa da kai."

"Babanka na da hankali. Miƙo almakashi."

Da ya nuna gwiwar hannun hagu ya ce in yage, na ƙi. Shekara biyar kayan marasa hali ke zuwa hannuna, na san inda tufa ke mutuwa. Na ce mai rubutu bakin hannun dama yake cinyewa. Kuma talaka mai jin kansa ba ya barin yaga a buɗe, da kansa yake ɗinkewa a ɓoye, da zaren da ya samu, ɗinkin maza, manya-manya. Ya duba bakin hannun. Ya ce, "Yi." Na ɗinke da zare ruwan toka a kan baƙin yadi, mummunan ɗinkin da ya sa yatsuna ƙaiƙayi. Ranar buɗewa na ga ya rufe wurin da tafin hannu lokacin da 'yar ta matso kusa. Ba wanda ya ce ya yi haka.

Duk da haka Madam ba ta riƙe ni ba. Dattijon ya yi mata magana a kaina, na ji da kunnena. Ta ce hannuna mai kyau ne, amma ba ta iya barin ɗaki da wadda ba ta tambaya. Ban yi musu ba, gaskiyarta ce, sai dai na ji kamar in fasa madubi.

A jirgin ƙasa na kasa zama wuri ɗaya. Kafin mu shiga Paris na gama yanke abin da zan yi. Zan koma kan keke da safe, tun da na yi alkawari, kuma ba zan ce uffan kan teyatur a shago ba. Amma a bayan shagon akwai buhun kayan da masu su suka manta shekara da shekaru. Zan zaɓi kwat uku, in tsufar da su da hannuna, kowanne da irin mai shi: direba, mahauci, malami. Duk la'asar in ɗauka in bi gidajen wasa na Paris ƙofa ƙofa ina nunawa, ko wani zai ɗauke ni aiki. Gobe zan fara da sayen magogin cuku.