Kifin da Illo Ya Ƙi Jefarwa

Wanda ya shiga shagon kayan kamun kifi na tsoho Perrin a Villeurbanne, gefen birnin Lyon, a shekarun nan na dubu biyu da ƴan kai, ba zai ga Illo ba. Sai dai ya ji ƙaurin dalma daga ɗakin baya, ya ji wani yana ta tsaki shi kaɗai. To shi ne. Dogo ne siriri, tabarau a goshi yana nemansa a aljihu, ɗan masunta daga Madarunfa, kusa da Maraɗi. Karatun lantarki ya kawo shi Faransa a 2003. Ya shiga shagon da sunan koyon aiki na wata uku, ya tayar da wata sondar da kowa ya fid da rai da ita, Perrin ya ce ya zauna. Sondar ita ce ƴar na'urar nan mai allo da ake ɗaurawa a jirgin ruwa, ta nuna maka zurfi, ta nuna dutse da ciyawa da kifin da ke ƙasa. Duk Lyon, in ta mutum ta lalace, wajen Illo ake turo shi.

Amma shi ba ɗakin baya yake so ba. Kanta yake so, wato teburin sayarwa can gaba, inda sandunan fatsa suke jere har rufi, inda mutum zai shigo ya ce zai fara kamun black-bass, kai kuma ka dube shi, ka tambaye shi ruwan da zai je, ka zaɓa masa sanda da muline, wato abin naɗe zaren, da kifin roba da ake yaudarar kifi da shi. Wani dattijo mai ciwon gwiwa ke riƙe da kantar, kuma kowa ya san ya kusa ajiye aiki. Illo yana jin sa ta ƙofa yana haɗa wa mutane sanda mai tauri da ɗan kifin roba marar nauyi, abin da ko jifa ba zai yi ba. Kai, ransa kan ɓaci har ya ƙona yatsa.

Wata rana ya goge hannu ya sami Perrin, patron ɗinsa, wato maigidan shagon, ya ce in dattijon ya tafi shi yana son wurin.

"Ka taɓa kama black-bass?" in ji Perrin.

"Patron, tun ban iya ɗaura wando ba nake cikin kwalekwale."

"Ban tambaye ka kwalekwale ba."

Gaskiya ce, bai taɓa ba. Black-bass kifi ne kore mai ƙaton baki, ko kusa bai kai giwan ruwa ba, amma masifaffe ne, kuma masu nemansa a can ba don ci suke nemansa ba. Su kama, su auna, su ɗauki hoto, su mayar. A gasarsu kuwa mutum biyu ne a jirgi, kifi biyar ake ajiyewa cikin akwatin ruwa da ransu, a kai sikeli, a sake su. Mataccen kifi rage maki ne, kuma abin kunya ne da ba a mantawa. Illo ya san duk wannan. Ya karanta, har yana yi wa wasu bayani.

Dama ta zo masa a bazarar 2008. Salim, direban bas haifaffen Lyon, wanda ubansa mutumin Damagaram ne amma Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, yana da ɗan jirgi, abokin gasarsa kuma ya kwanta rashin lafiya. Ya ɗauki Illo suka tafi wani tafki kudu da Lyon. Da hantsi Illo ya zura wa allon sonda ido, ya ce ga itace ya nutse a mita huɗu, ga kifi a gindinsa. Salim ya jefa. Jifa na biyu sanda ta lanƙwashe. Da ƙyar aka jawo shi, ƙato, ya haura kilo biyu, irin wanda ake cin gasa da shi. Illo ya kwaso shi da raga, kifi ya faɗo cikin jirgi yana watsal-watsal.

To, a Madarunfa, tarwaɗa in ta faɗo cikin kwalekwale ba a jira. Ko ta koma ruwa, ko ta soke ka da ƙaya. Sai ka ce bismillahi ka ƙwala mata a ka. Illo bai yi shawara da kowa ba, ko da kansa. Hannunsa ne ya ɗauki filaya, bakinsa ya ce bismillahi, ƙwal! Kifi ya miƙe.

"Mais qu'est-ce que t'as fait?" Salim ya kurma ihu, hannu biyu a ka. "Me ka yi, Illo? Me ka yi?"

Illo ya tsaya yana kallon filayar. Wallahi da ruwa ya buɗe a lokacin da ya shige.

A bakin tafki da aka ɗora kifin a sikeli, sai wani ya ce, "Ga mahauci ya iso." Shi ke nan, suna ya zauna. Da suka isa Lyon, Salim ya sauke shi ya wuce. Da safiyar Litinin Perrin ya dube shi ya ce ya koma wajen dalmarsa.

Da ya ba mahaifinsa labari a waya, tsohon ya yi dariya har da tari. "Illo, in ba ci za su yi ba, mi ya kai su wahalad da bawan Allah? Kai ne mai hankalin cikinsu." Illo ya ce, "To, Baba," don ba a musu da uba. Amma dariyar ba ta sanyaya masa rai ba. Ruwan na mutane ne, dokar tasu ce, ya shiga da yardarsa, kuma ya ɓata wa Salim gasar da ya shekara yana jira.

Matarsa Hassia ita ko dariyar ba ta yi ba. Haifaffiyar unguwar Barbès ce a Paris, ma'aikaciyar jinya, Lyon ba ta taɓa kwanta mata ba. Ta ja shi Paris wajen kawunta Alhaji Bukari, mai babban sito na kayan sari a Aubervilliers, can gefen birnin. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka sha shayi, Alhaji ya zagaya da shi tsakanin katan-katan ya nuna masa wani ɗan ofis mai tagar gilashi.

"Ga kujera tana jiranka, ɗana. Mai ilimi kamarka ya ƙare a gyaran abin wasan Turawa? Haba."

Illo ya sunkuyar da kai. "Alhaji, Allah ya saka da alheri. A ba ni lokaci kaɗan."

A cikin metro, jirgin ƙasan cikin gari, Hassia ta yanke masa lokacin da kanta. Dattijon kanta zai tafi ƙarshen 2010. In aka ba wani wurin, su tattara su dawo Paris, babu sauran magana. Illo ya ce ya yarda.

Sai ya fara daga tushe. Ya sayi sanda guda ɗaya tak, ba mai tsada ba, amma sai da ya yini yana zaɓenta. Ya jingina tsinin kowace da rufin shagon yana lanƙwasawa, yana duban inda take fara ba da kai, har ya sami matsakaiciya, mita biyu da ɗan ɗori, wadda in kifi ya taɓa zare za ka ji a tafin hannunka. Muline kuwa tsohuwa ya saya, ya kwance ta ƙusa-ƙusa, ya wanke, ya sa mata mai. Cikin dubban abubuwan yaudarar kifi da ke rataye a bango, masu kala kamar alewar yara, iri uku ya ɗauka: tsutsar roba don ƙasan ruwa, ɗan kifi mai leɓe da ke nutsewa in ka ja shi, da kwaɗon roba na bisa ciyawa. Ya ce wanda bai iya ukun nan ba, ko an ba shi bangon duka aikin banza ne.

Duk Lahadi, da ya sallame asuba sai ya hau keke zuwa tafkunan gabashin Lyon. Filaya yakan tura ta can ƙasan jaka, yadda kafin hannunsa ya kai gare ta hankalinsa ya dawo. Ya koyi jiƙa hannu kafin ya taɓa kifi, ya koyi riƙe shi ta leɓe, ya koyi cire ƙugiya cikin ƙiftawar ido. Ranar da ya fara sakin kifi ya ji kamar ya kife akushin tuwo a kwata, har sai da ya waiga ko wani na kallonsa. Na goma bai yi masa zafi haka ba. Na ɗari ya tarar da kansa yana ce wa kifin, "Je ka, Allah ya kiyaye." Ƴan gasa na wuce shi a bakin ruwa suna tambayarsa ina wuƙarsa. Ya amsa gaisuwarsu da kyau, ya ci gaba da jifa.

A watan Oktoba na 2010 Salim ya leƙo ɗakin baya, karo na farko cikin shekara biyu, sondarsa ta mutu ana saura kwana huɗu gasar ƙarshen shekara. Illo ya buɗe ta, ya ga ruwa ne ya ci wata waya, ya gyara. Da zai miƙa masa sai ya riƙe.

"Ka sake ɗaukata," in ji Illo.

Salim ya ce, "Perrin ne zai zauna a sikeli, ka sani?"

"Don haka nake so."

Ranar gasar ruwa ya yi sanyi ƙwarai, kifi ya yi ƙasa. Duk da haka kafin azahar suna da huɗu a akwati, lafiyayyu, uku daga ciki Illo ne ya kama. Daga nan cizo ya tsaya cak. Illo ya ga alamarsu a allo amma sun ƙi taɓa komai. Ya canza zuwa ƴar ƙaramar tsutsa da ƙaramar ƙugiya, ya ari wata sanda mai laushin tsini ta Salim don ta jefa abu marar nauyi. Ya jefa, ya jira. Bai ji komai ba, sai ganin zare ya yi yana tafiya gefe. Ko da ya fizga, kifin ya riga ya haɗiye har maƙogwaro.

Da ya fito jini na bin gefen kansa. Illo ya yanke zaren, ya kwanta rub da ciki a gefen jirgi, ya riƙe kifin cikin ruwa yana kai shi gaba a hankali don ruwa ya ratsa shi. Minti goma. Minti ashirin. Hannayensa suka sandare har bai san ko yana riƙe da wani abu ba. Yana ta cewa, "Haba, yi haƙuri, motsa mana." Bayan rabin awa kifin ya juya farin cikinsa sama.

Salim ya dubi hagu ya dubi dama. Babu jirgi ko ɗaya kusa.

"Bon, to. Tura shi cikin ciyawar can. Ba wanda ya gani. Da huɗun nan za mu iya zuwa na uku, kai kuma ka sami kantarka."

Illo ya san gaskiya yake faɗa. Ya kuma san abin da ke jiransa in ya sake hawa tudu da mataccen kifi gaban mutanen nan: dariya, ɗakin baya, sannan katan-katan na Aubervilliers har tsufa. Tsoro ya kama shi sosai, ba ƙarya. Ya kai kifin bakin ciyawar ma. Sai hannun ya ƙi saki.

"A gidanmu ba a zubar da abinci," ya ce. "Kuma ni na kashe shi. Ka yafe mini, Salim."

Salim ya zagi ruwa, ya zagi sanyi, ya zagi ranar da aka haife shi, sannan ya tayar da inji.

Illo da kansa ya ɗauko kifin zuwa sikeli, rigarsa sharkaf. Tun daga nesa aka fara. "Mahauci ya dawo!" Bai waiga ba. Perrin ya auna huɗun masu rai, ya rubuta ragin maki, suka faɗo na goma sha ɗaya. Sannan ya cire tabarau.

"Da me ka buge shi wannan karon?"

"Ban buge shi ba, patron. Zaɓe na yi ba daidai ba. Ƙugiyar ta yi ƙanƙanta, kuma ban danne ƙayarta ba. Sandar ta cika laushi, ban ji cizo da wuri ba. Da na tsaya kan tawa na sa ƙugiya mai faɗi, a leɓe za ta kama shi."

Perrin ya ɗaga kai ya dubi masu dariyar ɗaya bayan ɗaya, har suka yi shiru.

"Shekara talatin ina kan sikelin nan," ya ce, "kuma wai kifin kowa ba ya mutuwa. Ciyawar tafkin nan kaɗai ta san adadinsu." Ya naɗe kifin a jarida ya miƙa wa Illo. "Litinin ka zo da riga mai tsabta. Duk wanda ya zo sayen ƙugiyar nan, ka faɗa masa abin da ka faɗa mini yanzu."

Illo ya karɓi kifin. Ya tafi motar Salim ya zauna, kifin a cinyarsa, ya kira Hassia a waya. Da ta ɗauka ta ji numfashinsa sai muryarta ta yi ƙasa.

"An ƙi ko? Ba komai, chéri, masoyina. In kira kawu?"

"Ki kira shi," in ji Illo, hawaye na zubo masa. "Ki ce masa ya yi haƙuri, ya ba wani kujerar. Sannan ki jajjaga tattasai da albasa, ina tafe da kifi."