Gwiwar Datti da Kazar Maɗori

Datti, mutumin ƙauyen Balan, bai taɓa karɓar magana yadda aka miƙo masa ita ba. In ka ce masa an ga wata, sai ya tambayi wa ya gani, kuma da wane ido. Manomi ne na kirki, gyaɗarsa ba tsakuwa, amma ko matarsa Baiwa ce ta dama masa fura, sai ya zura ludayi ƙasan ƙwarya ya bincika.

Shekarar da aka canja hannun tuƙi, rediyo ya yi ta shela kowa ya koma dama. Datti ya ce akwai wata a ƙasa. Ran kasuwar Gaya ya hau kekensa ya riƙe hagu, ya yi kiciɓis da motar itace, ya kauce ya afka rami. Gwiwarsa ta kumbura kamar tulu.

Aka ɗauko Kabo maɗori daga Gafasa. Ya lallatsa, ya ja, ya ɗaure da karare. Sannan, kamar yadda ya gada, ya sa aka kamo kaza, ya karya mata ƙafa, ita ma ya yi mata ɗori.

"Ranar da ta taka, Malam Datti, kai ma ka taka. Ka riƙa lanƙwasawa kaɗan-kaɗan, kada ta sandare."

"Me ya haɗa gwiwata da kaza?"

"Abin da ya haɗa ta da mota," in ji Kabo.

Datti ya kwanta a rumfa, idonsa a kan kazar. Damina tana ƙaratowa, gonarsa ko shara ba a yi ba. Wata safiya kazar ta hango fara, ta bi ta a guje. Baiwa ta rangaɗa guɗa.

"Malam, tashi, ta taka!"

"Ba ita ba ce. Waccan tana da ɗigon baƙi a wuya."

"Ga shi nan kuwa."

"Kin ga ke nan ba ƙaramin shiri aka yi ba."

A ganinsa, Kabo ne ya sa aka musanya ta don kare sunan gidansu. Sai ya sa aka ɗora shi a jaki zuwa ɗakin shan magani na Gaya, ya tsare malamin asibiti da tambayoyi. Me ya sa gwiwar take ƙara? Ruwa ne a ciki? Yanke ta za a yi? Malamin ya taɓa, ya ce babu abin yankewa, kumburin ma ya saɓe.

"Ta kama, Baba. Ka fara takawa, ka riƙa lanƙwasawa kaɗan-kaɗan, kada ta sandare."

Datti ya waiwayi Baiwa a hankali.

"Kin ji? Ko kalma ɗaya bai canja ba. Sun gana."

Ya koma rumfarsa ya miƙe ƙafa. Ƙanensa Haruna ya nome masa gonar, rabi da rabi. Sai bayan kaka ya ga dama ya tashi, a ranar da shi da kansa ya zaɓa. Ƙafar ta ɗauke shi, amma gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, kuma ba ta sake ba. Ya bar keke, ya bar fartanya, salla kuwa sai a ƙarshen sahu, ƙafa a miƙe.

Bai taɓa nuna ɓacin rai ba. Duk wanda ya yi masa jaje, sai ya matso da shi kusa, ya rage murya.

"Mutum biyu suka ce za ta sandare, ta kuwa sandare. Kai gaya mini yadda aka yi suka sani."