Ranar da Na Hana a Ɗaukar wa Malam Buta

Shekarun baya, ban daɗe da fara aiki a sashen gashin ƙashi na asibiti ba, ɓarin jikin mahaifina na dama ya shanye. A gidanmu na Ƙofar Gayan kuwa sunana "mai tausa". Duk karatun da na sha a jami'a, da yinin da nake yi a tsaye a ɗan ɗakinmu na ƙuryar asibiti, layi har baranda, injin gashi yau lafiya gobe ciwo, in ɗaga wannan in miƙar da wancan har bayana ya ƙage, a wurin dangi dai zama likita na nema ban samu ba.

Da aka sallamo mahaifin nawa, Malam, daga asibiti, gida ya cika da 'yan dubiya da ɗalibansa. Kun san malami a cikin birni, ba a barinsa ya ɗaga ko tsinke. Wannan ya riƙe buta, wancan ya ba shi koko a baki, kowa na neman albarka. Ni kuwa ina kallon hannun nan yana ƙara sandarewa. Na san in aka ci gaba a haka, Malam da alƙalami sun yi sallama ke nan.

Ga ni 'yar fari, ni da Malam ko ido ba ma haɗawa. Amma wata safiya na shiga turakarsa, na karɓe butar daga hannun baffana, na dire ta a gaban Malam.

"Malam, da kanka za ka ɗauka."

Baffa ya zabura. "Ke! Kanki ɗaya kuwa? Muna zaune za ki wahalar da ubanki? Kai tausarki can asibiti!"

Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, amma wallahi ba mai taɓa butar nan."

Malam ya kai hannu, butar ta kuɓuce, ruwa ya jiƙa masa riga a gaban mutane. Na shige madafi na sha kukana. Washegari na dawo na sake dire ta. Baffa ya daina amsa gaisuwata, aka ce boko ya cinye min kunya. Na toshe kunnena.

Bayan watanni Malam ya dogara sanda ya fito zaure, ya rubuta Bismillah, karkatacciya amma da hannunsa. Da azahar ta yi wani ɗalibi ya yi wuf zai ɗauko buta. Ina daga soro na ji Malam ya ce, "Bar ta, kada ka ja min faɗan likitata."

Har yau Baffa "mai tausa" yake ce min, kuma ko a jikina. Tausayin da zai kashe hannun mutum ban iya shi ba, ba kuma zan koya ba. Wanda nake jin kunyarsa ya riga ya raɗa min suna.